Tambayoyin Masu Karatu: Ɗalibi Ɗan Wasa da Neman Gurbi a Jami'o'in Amurka

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk a kan batu guda suke, wato yadda ɗalibin sakandare mai hazaƙar wasa zai samu shiga ƙungiyar wata jami'a a Amurka, da abin da iyaye da malamai za su yi don kada ƙoƙarinsa ya tafi a banza. Mun taƙaita wasiƙun, kuma mun sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Ɗana yana aji 9 a wata sakandare a jihar Ohayo, kuma yana buga ƙwallon kwando. Kocinsa ya ce idan ya ci gaba a haka zai iya samun jami'ar da za ta ɗauke shi. Ni dai ban yi karatu a ƙasar nan ba, ban san ta inda ake farawa ba. Shin ba sai ya kai ajin ƙarshe za mu fara wannan magana ba? — Wani uba daga Kolombos

Amsa: Malam, Allah ya raya yaro, ya kuma sa albarka a wannan baiwa. Idan kuka jira ajin ƙarshe kun makara, domin da sanyin safiya ake kama fara, kuma aikin da ke gabanku a wannan shekara a ofishin makaranta yake tun kafin a je filin wasa.

Yawancin manyan jami'o'in da kuke gani a talabijin suna ƙarƙashin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, wadda aka kafa a 1906, mai hedikwata a Indiyanafolis, kuma tana da makarantu kusan 1,100 da ta raba zuwa rukuni uku. Duk wanda zai yi wasa a Rukuni na Ɗaya ko na Biyu sai cibiyar tantancewa ta hukumar ta duba takardunsa ta amince. Wannan tantancewar daban take da samun shiga jami'a, daban kuma da kammala sakandare. Yaro yana iya karɓar takardar kammalawarsa cikin murna, koci yana son sa, amma hukumar ta ce bai cancanci buga wasa ba, saboda darussan da ya yi ba su ne take ƙirgawa ba.

Abin da take nema a Rukuni na Ɗaya shi ne darussa 16 na ginshiƙi: shekara huɗu ta Turanci, shekara uku ta lissafi daga matakin aljabara na farko zuwa sama, shekara biyu ta kimiyya, ƙarin shekara guda a ɗaya daga cikin waɗannan ukun, shekara biyu ta ilimin zamantakewa irin su tarihi, sannan shekara huɗu daga cikin fannonin da aka ambata ko harshen waje ko falsafa ko nazarin addinai. Darasin motsa jiki da na kiɗa da na zane ba sa cikin lissafi, ko da yaro ya cinye su duka. Akwai kuma sharaɗin da ya fi kama mutane ba shiri: dole a kammala 10 daga cikin 16 ɗin kafin a shiga zango na bakwai, wato kafin a fara aji 12, ajin ƙarshe na sakandaren da take farawa daga aji 9, kuma bakwai daga cikin goman su kasance Turanci ko lissafi ko kimiyya. Da zarar an shiga zango na bakwai an kulle makin waɗannan darussa goma, ba a maimaita su don a ɗaga maki. Saboda haka yaron da ya yi wasa da aji 9 da aji 10, yana ganin zai gyara daga baya, sau da yawa yakan tarar ƙofar gyaran ta rufe.

Mafi ƙarancin matsakaicin makin da ake karɓa shi ne 2.3 a Rukuni na Ɗaya da 2.2 a Rukuni na Biyu, kuma a kan darussan ginshiƙi kaɗai ake lissafa shi, ba a kan matsakaicin da makaranta take bugawa a takardar sakamako ba. A lissafin hukumar A tana da maki 4, B tana da 3, C tana da 2, D tana da 1, kuma ba ta kula da alamar ƙari ko ragi da ake liƙa wa harafi. Ku ɗauki yaron da ya samu C a darussa 12 da B a darussa 4: jimillarsa 36, idan aka raba da 16 ya tashi 2.25, bai kai ba. Da a ce ɗaya daga cikin C ɗin nan ta zama B, da jimillar ta zama 37, matsakaicin ya zama 2.31, ya haye. Darasi guda da aka yi wa riƙon sakainar kashi a aji 9 ya isa ya jawo wannan bambanci. Wanda matsakaicinsa ya tsaya tsakanin 2.0 da 2.3 yana iya karɓar tallafi ya kuma yi atisaye, amma ba zai buga gasa ba a shekararsa ta farko.

Shawarata ita ce ku nemi ganawa da jami'in ba ɗalibai shawara na makarantar a wannan zangon, ku tafi tare da yaron, ku faɗa masa a fili cewa yaron yana da burin wasa a jami'a. Kada ku ɗauka ya sani, domin jami'i guda yakan riƙe ɗalibai masu ɗimbin yawa, kuma abin da ya fi damunsa shi ne kowa ya kammala. Kowace sakandare tana da jerin darussanta da NCAA ta amince da su, kuma jerin yana shafin hukumar a intanet. Ku buga shi a takarda, ku ajiye shi kusa da jadawalin darussan yaron, ku bi layi-layi da biro a hannu, kuna tambaya a kan kowane darasi ko yana cikin jerin. Ku lura sosai da darussan koyon Turanci da ake sanya 'ya'yan baƙi, da darussan da ake yi ta intanet don cike giɓin wanda aka faɗi, domin ba kowanne hukumar take karɓa ba.

Tun Janairun 2023 hukumar ta daina neman sakamakon jarabawar neman shiga jami'a ta SAT ko ACT a tantancewarta, amma wasu jami'o'in suna nema don kansu, don haka kada yaron ya yi watsi da su. Yana kuma iya buɗe shafinsa a cibiyar tantancewa kyauta tun yanzu, sai daga baya a mayar da shi cikakken rajista idan maganar ziyarar jami'a ta taso.

Tambaya: Ina aji 11, ina gudun mita 800. Na aika wa kociyoyi da yawa saƙo tun ina aji 10, babu wanda ya amsa, sai wasu takardun gayyata zuwa sansanin horo da ake biyan kuɗi. Shin wannan yana nufin ban iya ba ne? Kuma ina sa hijabi, ko shi ne yake korar su? — Wata ɗaliba daga jihar Tekzas

Amsa: 'Yata, shirun da kika ji a aji 10 ba hukunci ba ne a kan gudunki. A yawancin wasannin Rukuni na Ɗaya, har da guje-guje, doka ta hana koci ya kira ɗalibi ko ya rubuta masa saƙon zawarci kafin 15 ga Yuni bayan kammala aji 10, kuma ziyarar jami'a ta zawarci sai daga 1 ga Agusta kafin shiga aji 11. Wasu wasannin suna da nasu ranaku daban. Abin da aka yarda koci ya aiko kafin lokacin shi ne takardar tambayoyi da bayanin sansanin horo da makamantansu, kuma shi ne abin da kika samu. Yanzu da kike aji 11 hanya a buɗe take, sai ki sake rubutawa, amma ki sake salo.

Ki fara da auna kanki da gaskiya, kuma ke kin yi sa'a domin wasanki agogo ne yake yanke hukunci a cikinsa. Sakamakon gasannin jami'o'i yana intanet. Ki duba lokacin da 'yan matan kowace jami'a suke yi a mita 800, musamman waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a gasar ƙungiyar jami'o'in da take ciki, ki kwatanta da naki. Inda kika ga lokacinki yana kusa da nasu, nan ne kocin zai karanta saƙonki har ƙarshe. Inda tazarar ta kai daƙiƙa goma, ki sa jami'ar a jerin buri, amma kada ki gina shirinki a kanta. Jerin da ya ƙunshi makarantu daga rukunai daban-daban ya fi jerin da babu komai a cikinsa sai sunayen da kowa ya sani.

Saƙon kuwa ke za ki rubuta shi da kanki, ba mahaifinki ba, kuma ya zama gajere. A kan saƙon ki sa sunanki da shekarar da za ki kammala da wasanki da mafi kyawun lokacinki, domin koci mai saƙonni jibge a gabansa da wannan layin yake yanke shawarar buɗewa ko wucewa. A ciki ki ambaci sunan kocin daidai, ki faɗi dalili guda na gaskiya da ya sa kike son makarantarsa, kamar fannin karatun da kike so, ki sa matsakaicin makinki, da lambar kocinki na sakandare, da ranar gasarki ta gaba. Saƙon da aka kwafa aka watsa wa mutum hamsin ana gane shi daga jimlar farko, balle wanda aka manta ba a canza sunan jami'ar ba. Ki kuma cike takardar tambayoyin da ke shafin kowace ƙungiya, domin daga nan ne sunanki yake shiga kundinsu. Ga masu wasannin ƙungiya irin ƙwallon ƙafa da ƙwallon raga, bidiyo na minti uku zuwa biyar shi ne madadin agogo: a sa mafi kyawun wasa a farko, a nuna ɗan wasan da alama don a gane shi, a bar kiɗa da ƙyale-ƙyale.

Game da sansanin horo, galibin takardun gayyata ana aika su ne ga dubban yara, kuma hanya ce ta samun kuɗi ga sashen wasanni. Sansanin yana da amfani idan kocin ya riga ya san ki kuma yana son ganin ki ido da ido. Alamar da ke nuna da gaske ake son ki ita ce koci ya kira ki da kansa, ya nemi takardar sakamakonki, ya tuntuɓi kocinki, ya gayyace ki ziyarar da jami'a za ta ɗauki nauyinta. A da ɗalibi ziyara biyar kaɗai yake da ita irin wannan a Rukuni na Ɗaya, amma tun 2023 an cire iyakar, sai dai a bisa ƙa'ida sau ɗaya ake zuwa kowace makaranta.

Hijabi kuwa ba ya hana wasa a jami'a. Bilqis Abdul-Qaadir ta buga ƙwallon kwando da shi a Jami'ar Memfis da kuma Jami'ar Jihar Indiyana, duka a Rukuni na Ɗaya. A ganina ma ki tayar da maganar da kanki idan kun fara tattaunawa, ki tambayi yadda suke yi da kayan wasa da kuma atisaye a watan azumi, domin yadda koci ya amsa zai nuna miki irin zaman da za ki yi da shi na shekara huɗu.

Tambaya: Wani kamfani ya kira mu ya ce idan muka biya dalolin da suka kai dubbai zai samo wa ɗanmu cikakken tallafin karatu ta hanyar ƙwallon ƙafa. Maigidana yana so mu biya, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Me kuke gani? — Wata uwa daga Niyok

Amsa: Hajiya, hankalinki ya yi daidai da bai kwanta ba. Babu kamfanin da yake da ikon ba da tallafi, koci da jami'a ne kaɗai suke da shi. Wasu kamfanonin suna yin aiki na gaske, suna tsara bidiyo, suna tattara adireshin kociyoyi, suna tunatar da ranaku, amma duk waɗannan abubuwa ne da yaro da kocinsa za su iya yi ba tare da biyan ko sisi ba. Wanda ya ce zai taimaka ana iya sauraronsa a yi ciniki, amma wanda ya ce ya ba ku tabbaci, ku riƙe kuɗinku.

Sai kuma batun cikakken tallafin kansa, wanda ya kamata ku zauna da maigida ku duba shi da alƙaluma. Yaran da suke wasa a sakandaren Amurka sun kusa miliyan 8, waɗanda suke wasa a ƙarƙashin NCAA kuwa sun ɗan haura 500,000. Bisa ƙididdigar hukumar kanta, kimanin kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan sakandare ne suke samun wani tallafi na wasa, kuma yawancinsa ba cikakke ba ne. Shekaru da yawa dokar Rukuni na Ɗaya ta ƙayyade wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta maza tallafi 9.9 kacal, alhali 'yan wasanta sukan kusa talatin, sai koci ya yanyanka shi, wannan ya samu rabi, wancan rubu'i, wani kuɗin littattafai kawai, wani kuma babu komai. Cikakken tallafi an fi samunsa a wasanni ƙalilan, kamar ƙwallon kwando da ƙwallon Amurkawa ta 'yan kwalkwali a manyan makarantu, da ƙwallon raga ta mata.

A Yunin 2025 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta amince da sasancin shari'ar da 'yan wasan jami'a suka kai NCAA, wadda ake kira House, kuma ya sauya wannan tsari ga makarantun da suka shiga cikinsa. An cire iyakar yawan tallafi, an maye gurbinta da iyakar yawan 'yan wasa, wato 28 a ƙwallon ƙafa, 15 a ƙwallon kwando, 105 a ƙwallon 'yan kwalkwali. An kuma yarda makaranta ta biya 'yan wasanta kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wannan ya ba jami'a damar ba kowa tallafi, amma bai tilasta mata ba, kuma mafi yawan kuɗin yana tafiya ne ga wasanni biyun da suke kawo kuɗin talabijin, wato ƙwallon 'yan kwalkwali da ƙwallon kwando. Abin da ya fi shafar yaro irin naku shi ne guraben sun ragu a wasu ƙungiyoyi, musamman na waɗanda a da suke shiga ba tare da tallafi ba don su gwada sa'arsu.

Rukuni na Uku, wanda ya fi sauran yawan makarantu, ba ya ba da tallafin wasa ko kaɗan, haka ma jami'o'i takwas na ƙungiyar Ivy, irin su Harvard da Yale da Princeton, duk da cewa a Rukuni na Ɗaya suke. Wannan bai sa sun fi tsada a kowane hali ba, domin suna ba da tallafi bisa ƙwazon karatu ko bisa ƙarfin aljihun iyaye, kuma yakan faru iyali mai matsakaicin hali ya biya ƙasa a irin waɗannan makarantu fiye da inda aka ba yaro rubu'in tallafin wasa. Don haka ku cike takardar FAFSA ta neman tallafin gwamnatin tarayya idan yaron ya cancanta, kuma idan tayi ya zo kada ku tambayi kashi nawa aka ba shi, ku tambayi dala nawa za ta fita daga aljihunku a shekara bayan an haɗa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai. Dubban dalolin da kamfanin yake nema, da za ku kashe wani ɓangarensu wajen malamin da zai ɗaga wa yaron maki a lissafi, da na fi ganin ribarsu.

Tambaya: Wani koci ya yi wa ƙanena alkawari da baki cewa gurbinsa yana nan, har ya sanar a Instagram. Shin mu daina magana da sauran makarantu? — Wani yaya daga Minisota

Amsa: Malam, alkawarin baki ba ya ɗaure kowa a dokar NCAA, ko kocin ko yaron. Idan aka kori kocin ko ya samu wani aiki, wanda ya gaje shi ba dole ne ya cika ba. Abin da yake ɗaurewa shi ne rubutacciyar yarjejeniyar tallafi da jami'a ta bayar aka sa mata hannu, wadda tun Oktoban 2024 ta maye gurbin tsohuwar takardar ƙudurin shiga a Rukuni na Ɗaya. Mutunci ya hana ƙanenku ya ci gaba da neman tayi a ɓoye bayan ya ba da kalmarsa, amma ya rabu da sauran kociyoyin cikin ladabi da godiya, don ya samu fuskar komawa idan abu ya sauya. Kafin a sa hannu ku tambaya ko tallafin na shekara guda ne da ake sabuntawa ko na shekaru da yawa, da abin da zai faru idan ya ji rauni, ku kuma tabbatar ofishin ɗaukar ɗalibai ya karɓe shi, domin koci ba shi ne yake ba da shiga jami'a ba.

Tambaya: Ina aji 12 kuma babu jami'ar Rukuni na Ɗaya da ta neme ni. Wata kwalejin shekara biyu da wata ƙaramar jami'a sun nuna suna so na, amma abokaina suna cewa wannan faɗuwa ce. Na fara tunanin barin wasan gaba ɗaya. — Wani ɗalibi daga Jojiya

Amsa: Ɗana, abokanka suna magana ne a kan abin da suke gani a talabijin, kuma talabijin ɗan yanki kaɗan take nunawa. Jimmy Butler, fitaccen ɗan ƙwallon kwando, daga kwalejin shekara biyu ta Tyler a Tekzas ya fara kafin ya koma Marquette. Aaron Rodgers, fitaccen ɗan ƙwallon 'yan kwalkwali, ya yi wasa a kwalejin Butte kafin Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta ɗauke shi. Scottie Pippen, shi ma ɗan ƙwallon kwando, a Jami'ar Tsakiyar Arkansas ya yi, a lokacin da take ƙarƙashin NAIA, wata hukumar wasannin jami'o'i daban da NCAA. Ban kawo sunayen nan don in ce kai ma can za ka kai ba, domin ko a cikin 'yan wasan NCAA waɗanda suke zama ƙwararru masu cin abinci da wasa ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Na kawo su ne don ka ga cewa inda mutum ya fara ba ya rufe masa hanya.

NAIA tana da makarantu kusan 250, tana ba da tallafin wasa, kuma tana da cibiyar tantancewarta daban da ta NCAA, saboda haka rajista biyu ce idan kana neman ɓangarorin biyu. Hukumar NJCAA ta kwalejojin shekara biyu tana da makarantu fiye da 500. Kwalejin shekara biyu ta fi dacewa da mutum iri biyu, wanda makinsa bai kai ba yana buƙatar gyara, da wanda jikinsa ko wasansa bai gama nuna ba. Sai dai ka shiga da ido buɗe, ka tambayi kocin 'yan wasansa nawa suka wuce jami'ar shekara huɗu a 'yan shekarun nan da kuma inda suka tafi, ka kuma tabbatar darussan da za ka ɗauka jami'o'i za su karɓe su idan ka tashi komawa.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa shirun manyan makarantu ba lallai ya zama ma'aunin iyawarka ba. Tun da aka buɗe kundin masu sauya makaranta a 2018, musamman bayan da aka sassauta dokar a 2024 har ɗan wasan da makinsa ya kai yadda ake buƙata yake iya sauyawa fiye da sau ɗaya ya ci gaba da wasa nan take, kociyoyi da yawa sun gwammace su ɗauki wanda ya riga ya yi shekara biyu a jami'a a kan yaro ɗan shekara 18. Wannan ya matse guraben masu fitowa daga sakandare, amma ya faɗaɗa hanyar wanda ya fara a ƙaramar makaranta ya yi fice.

Abin da zan so ka auna shi ne rayuwar da za ka yi. A Rukuni na Ɗaya doka ta ƙayyade awa 20 a mako ta atisaye da gasa a lokacin kakar wasa, amma tafiye-tafiye da jinyar rauni ba sa cikin wannan ƙirgen, kuma ɗalibin da yake son fanni mai yawan aikin ɗakin gwaji yakan sha wuya wajen haɗa biyun. Idan ka je ziyara, ka keɓe da 'yan wasan da ba a cika sa su a wasa ba, ka tambaye su yadda kocin yake mu'amala da su. Sannan ka tambayi kanka ko za ka yarda ka zauna a wannan makaranta ka gama karatu idan gwiwarka ta samu matsala a shekarar farko. Idan amsar ita ce e a ɗaya daga cikin biyun da suka neme ka, ban ga dalilin barin wasa ba.

Tambaya: Ɗan 'yar'uwata ya gama sakandare a wajen Amurka bara, yana buga wa wata ƙungiya ƙwallo, kuma muna so ya zo jami'a a nan. Dokokin ɗaya ne? — Wani kawu daga Merilan

Amsa: Malam, tushen ɗaya ne, amma abu uku za ku sa wa ido. Na farko takardu: cibiyar tantancewa za ta nemi sakamakonsa tun daga shekara ta tara ta karatu da shaidar kammalawa, a harshen da aka rubuta su, tare da fassarar Turanci layi-layi idan ba da Turanci suke ba, kuma tattara su daga nesa yana cin lokaci.

Na biyu matsayinsa na wanda bai zama ƙwararre ba. Za a tambaye shi kowace ƙungiya da ya buga wa, ko ya sa hannu a kwantiragi, ko an biya shi fiye da ainihin kuɗin da ya kashe na abinci da sufuri da masauki, ko yana da wakili. Ya amsa da gaskiya, ya kuma adana duk takardar da ke hannunsa, kuma kada ya sa hannu a wata sabuwar yarjejeniya kafin ya tuntuɓi jami'in bin ƙa'ida na jami'ar da take son sa. Lokaci ma yana ƙirguwa a kansa: a yawancin wasanni shekara guda ake ɗaga wa ɗalibi bayan lokacin da ya kamata ya kammala sakandare, a wasan tanis na Rukuni na Ɗaya kuwa wata shida, kuma idan ya ci gaba da buga gasa bayan wa'adin yana iya rasa wani ɓangare na shekarun wasansa. Tun da bara ya gama, wannan ne ya fi gaggawa.

Na uku kuɗin talla. Tun 1 ga Yulin 2021 'yan wasan jami'a suna da damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, amma ɗalibin da ya shigo da bizar karatu ta F-1 an taƙaita masa aikin da zai yi a cikin ƙasar, kuma karɓar irin wannan kuɗi ba tare da shawara ba yana iya taɓa bizarsa. Idan ya iso, ofishin ɗalibai baƙi na jami'ar shi ne wurin da zai fara kai duk wani tayi kafin ya amsa.